Mai Turara Kaji da Matar Barau

Ni dai a iya sanina, ƙasar Faransa ba ta taɓa yin ɗan sandan ciki da ya kai kakata zargi ba. Da hukuma ta san da zamanta, da an sallami rabin ma'aikata an ba ta kujera da butar shayi. Mace ce da in ka gaishe ta da fara'a sai ta tambaye ka abin da ka ɓata, in ka gaishe ta a murtuke ta tambaye ka abin da kake ƙullawa. Ita ta haifi babanmu. Daga Maraɗi ta zo Saint-Fons, can gefen Lyon, don likita ya duba mata gwiwa, da niyyar ta yi wata ɗaya ta koma. Gwiwa ta warke. Watan nan ɗaya ya yi aure, ya haihu, ya ga jikoki, Kaka tana nan zaune.

Ba wai son garin take yi ba. Saint-Fons gari ne na izin, wato manyan masana'antun haɗa sinadarai. Duk inda ka ɗaga kai bututun hayaƙi ne, in iska ta juyo sai ka rantse aljanu ne ke dafa daddawa a cikin tayar mota. A ɗaya daga cikinsu Baba yake aiki. Gidanmu kuwa a hawa na huɗu yake, abin da Kaka ba ta taɓa yafe wa kowa ba. Ta ce mutum da hankalinsa ba ya kwana bisa kan wani, wani kuma bisa kansa, sai ka ce jeren kwanonin amarya.

Abin da ya riƙe ta shi ne jardan. Can bayan layin dogo akwai wasu 'yan filaye da ake raba wa ma'aikata su yi shuka, kowanne bai fi tabarma goma ba, kowanne da 'yar bukkarsa da 'yar ƙofarsa da allon suna a jiki. Abokin aikin Baba, wani ɗan asalin Italiya mai gashin baki kamar tsintsiya, Mushe Fumagalli, shi ya yi masa hanya ya samu wanda ke jikin nasa. Ranar da Kaka ta taka ƙasar wurin da tafin ƙafarta, ranar ta daina tambayar yaushe jirgi zai tashi. Ta shuka yakuwa ta fito. Ta shuka kuɓewa, kuɓewa ta leƙo ta ga ƙasar ta koma. Ta sa Baba ya yi mata akurki, ta zuba kaji. Baba ya raba wata tsohuwar ganga biyu ya yi mana murhu, kuma a gefen gangar nan, ni da yayata Rakiya, muka sha tatsuniyoyin da har yau nake ci da su a wurin hira.

Sai dai Kaka ba ta tatsuniya da rana, ko za ka yi kuka da jini. Ta ce wanda ya yi, makuwa zai yi a hanya. To ga shi a ƙasar nan lokacin zafi rana ba ta faɗuwa sai an yi mata magiya. Mu zauna mu yi ta jira, Kaka tana harararta tana cewa, “Ranar ƙasar ga ba ta da iyaye, ba mai kiranta gida.” Saboda haka lokacinmu na tatsuniya shi ne lokacin da ganye ke zuba, sa'ad da duhu ke riga mu tasowa daga lakwal, wato makaranta. Sai mu wuce jardan kai tsaye, mu tarar ta hura wuta, ta zuba gyaɗa a toka, ta naɗe ƙafafu a cikin bargo. Ni take kira “maigida” irin wasan kaka da jika, in na ɓata mata rai kuma na koma “mijin banza”.

A irin wannan zama ne Rakiya ta kawo mana fitina. Tana kwaleji a lokacin, tana koyon Jamusanci da Italiyanci, kanta yana hayaƙi. Ta ce malaminsu ya gaya musu duk sunayen nan da ke jikin ƙofofi suna da ma'ana. Wai a can da, mutanen Italiya da na Jamus suna ɗaya gare su kamar kowa. Da jama'a ta yi yawa, masu suna iri ɗaya suka cika gari, sai aka shiga bambanta su da sana'a, ko siffa, ko garin da mutum ya fito, ko sunan ubansa. Laƙabin sai ya manne, ya bi 'ya'ya da jikoki.

Kaka ta taɓe baki. “To mi ne sabo? Ai haka muke yi. Audu Dogo, Audu Maƙeri, Audu Ba'adare. Sai dai mu in Dogo ya mutu da tsawonshi ake bizne shi, ba a ɗora ma gajerun ɗiya.”

Amma na ga idonta ya yi ƙyalli. Washegari ta tasa mu gaba, ƙofa ƙofa, Rakiya tana karanta allo tana fassara, Kaka tana yanke hukunci. Akwai Mushe Schmitt da Mushe Ferrari, waɗanda ba sa ga maciji saboda rigimar tiyon ban ruwa. Rakiya ta ce ai duk su biyun Maƙeri sunansu ke nufi, ɗaya da Jamusanci ɗaya da Italiyanci. Kaka ta tafa hannu. “Shi ya sa! 'Yan gida ɗaya ne, kowa na ganin ɗan'uwanshi ya ɗauke mishi guduma.” Mushe Klein, wanda sai ya duƙa yake shiga bukkarsa, wai Ƙarami. Mushe Rossi wai Jatau ne, kakansa mai jan gashi, shi kuwa kansa tal kamar ƙwarya. Da aka zo kan Bevilacqua, Rakiya ta ce Sha-Ruwa ke nan, amma malam ya ce wataƙila zolaya ce ake yi wa mutumin da ke shan komai ban da ruwa. Kaka ta ce, “Wanga na yarda da shi. Na ga hancinshi.” Wurin Mushe Esposito kawai ba ta yi zolaya ba, da ta ji cewa sunan da ake ba jaririn da aka ajiye a ƙofar coci ne, ba a san uwa ba ba a san uba ba. Daga ranar, in ta yi miyar yakuwa sai ta aika masa, mutumin da ke da jikoki, wai maraya ne.

Muka dawo kan maƙwabtanmu na jiki. A dama Madam Fuchs, wata tsohuwa 'yar yankin iyakar Jamus. Rakiya ta ce Yanyawa. Kaka ta dubi akurkinta, ta dubi shingen. A hagu kuma Mushe Fumagalli.

“Shi fa?”

Rakiya ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalmi. “Malam bai san wannan ba.”

“Uhm,” in ji Kaka. Wannan “uhm” ɗin nata, da za a zuba shi a kwalba, da ya kashe ɓera.

Ba a yi nisa ba kaza ta ɓace. Babu gashi, babu jini, ƙofar akurki a rufe da sakatarta. Bayan 'yan kwanaki wata ta bi ta. A daren nan Kaka ta ƙi ba Rakiya gyaɗa har sai da ta amayar da abin da ta haɗiye. Wai rabin farko na sunan hayaƙi ne, rabin ƙarshe kuma zakaru. An ce ɓarayin da can sukan kunna ɗanyar ciyawa a ƙarƙashin inda kaji ke kwana, hayaƙi ya bugar da su, a kwashe su ba ko kyarkyara. Fumagalli dai, a taƙaice, Mai Turara Kaji.

Kaka ta ɗora hannu biyu a ka. “Yanyawa a dama, mai turara kaji a hagu, ni kuma ɗan da na haifa ya kawo ni tsakiya ya ce in yi kiwo!”

Madam Fuchs ba ta daɗe a hannu ba. Kaka ta bincika ta gano ba ta cin nama, ƙugunta ba ya barin ta tsallake ko tabarma, sannan sunan ma na mijinta ne, aro ta yi. Saura mutum ɗaya.

Baba ya yi ta roƙo. “Inna, don girman Allah. Mutumin nan shi ke ɗauka ta a motarsa kullum. Shi ya samo mana wurin nan.”

“To da wa zai samo ma wurin kiwon kaji in ba mai jiran su yi ƙiba ba?”

Kaji suka ci gaba da tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura wata ja mai taƙama da Kaka ke kira Gimbiya. Nan ne Kaka ta yi rantsuwa. Ta ce ranar da Gimbiya ta ɓace, a yanko mata biyen jirgi, wato tikiti, ta gama zaman ƙasar da ake rubuta sata a ƙofa kuma a ce kada ka yi magana. Kaka kuwa ba ta rantsuwar wasa. Ni abin da na gane ɗaya ne: in kazar nan ta tafi, Kaka ta tafi, ganga ta mutu, sai dai mu koma hawa na huɗu mu zauna gaban tele kamar marayu. Ban taɓa yi wa wata halitta addu'a kamar yadda na yi wa kazar nan ba. Ko jarrabawata ban roƙa wa haka ba, sakamakon ma ya nuna.

A cikin kwanakin nan ne ta ba mu tatsuniyar garin da ba suna. Tana da nata salon buɗewa. Sai ta ce, “Ga wata nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya.” Mu kuma mu ce, “Ta shigo, a ba ta ruwa.”

Wai an yi wani gari da ba wanda ke da suna, kowa “kai” ne ko “ke”. In mace ta leƙo ta ce, “Kai, tuwo ya sauka,” sai gari duka ya taho da wankakken hannu. In sarki ya ce, “A kamo shi,” sai dogarai su kama kowa, daga ƙarshe su kama juna. Sarki ya gaji. Ya sa aka yi shela cewa gobe da carar zakara wata tsohuwa mai ido ɗaya za ta zaga gari, duk abin da ta tarar kana yi shi ne sunanka da na zuriyarka har duniya ta naɗe. Gari ya waye, tsohuwa ta fito. Ta sami wani a bakin zuga-zugi ta ce Maƙeri. Ta sami wani da allura ta ce Maɗinki. Ta sami wani ba ya aikin komai sai tsawo ta ce Dogo. Can bayan gari sai ta hango hayaƙi ba ƙamshin miya. Ta lallaɓa, ta tarar da mutum tsugune a gindin itacen da kaji ke kwana, yana fifita ɗanyar ciyawa, kaji suna faɗowa cikin buhunsa tim, tim, kamar nunannun kanya. Ta ce, “Kai ne Mai Turara Kaji.” Ya faɗi yana roƙo, ya ba ta wadda ta fi ƙiba. Tsohuwa ta karɓi kaza, suna kuwa ya zauna. Mutumin ya gudu, ya ƙetare kogi bayan kogi, ya sake riga, ya tara gemu, amma duk garin da ya isa sai ya tarar sunan ya riga shi, yana zaune a ƙofar gari yana jiransa.

Kaka ta rage murya, ta dubi shingen hagu. “Jikokinshi kuwa, ko liman ɗaya ya zama, in ya ji kaza ta yi kyarkyara sai hannunshi shi tahi neman ashana da kanshi. Tatsuniya ta juya ta koma inda ta hito, kowa shi riƙe kazarshi.”

Daga ranar na zama ɗan leƙen asiri. Kuma wallahi abin da na gani bai kwantar mini da hankali ba. Mushe Fumagalli yana shan lofe, aljihunsa kullum da ashana. Ya daina miƙo mini ɓaure ta kan shinge. Ya sayo wani kwaɗo mai girman kan jariri ya garƙame akwatin zomayensa. In na gifta sai ya bi ni da ido, leɓensa yana motsi, yana ƙirga zomaye. Baba ya ce ko a mota yanzu rediyo ce kawai ke magana. Kaka ta gyaɗa kai. “Kun gani? Ya san an gane shi.”

Wata Lahadi, bayan magariba, Baba yana aikin yamma, Rakiya ta tsaya gida da karatu. Kaka tana tuƙa tuwo a kan ganga, sai ga hayaƙi yana ratso shingen hagu, fari, mai kauri, yana rarrafe a ƙasa ya nufi akurki. Gimbiya ta yi wani ɗan tari. Kaka ta zare muciya daga tukunya, tuwo yana ɗiga.

“Taso, maigida. Yau za ka yi amfani.”

Ni ne tafinta, don Faransancin Kaka bai wuce gaisuwa da “ya yi tsada” ba. Muka isa shinge. Ga tarin ɗanyen ganye yana ci, ga Mushe Fumagalli tsugune a bayan akwatin zomaye, da shebur a hannu ɗaya da tocila a ɗaya, ya ƙura wa filinmu ido. Ya miƙe. Suka tsaya suna kallon juna, muciya da shebur, ni a tsakiya ina neman ƙasa ta tsage.

“Hwaɗa mishi na san ma'anar sunanshi.”

Na ce da Faransanci, “Kakata tana yi maka barka da yamma.”

“Mijin banza, ban ji sunanshi cikin maganarka ba. Sake.”

Na rufe ido na faɗa. Na faɗi hayaƙin, na faɗi zakarun, na faɗi kajinmu da suka tafi ba sallama. Fuskar mutumin ta yi ja har da kakan Mushe Rossi ya gani da ya ce ɗansa ne. Gashin bakinsa ya miƙe. Ya nuna allon ƙofarmu da shebur.

“Gaya wa kakarka ni ma na san ma'anar naku! Zomayena suna ɓacewa tun da ganye ya fara zuba. Na je har unguwar Guillotière, na shiga kantin wani mutumin ƙasarku, na ce masa, me barao ke nufi da yarenku? Sai da ya rufe akwatin cinikinsa sannan ya ba ni amsa. Mai sata! Ga shi nan kun rubuta da manyan baƙaƙe!”

A jikin allon namu an rubuta BARAOU. Sunan kakanmu ne, mijin Kaka, wanda ya rasu tun ban zo duniya ba. Ma'aikatan Faransa suka ɗauke shi suka yi masa nasu rubutun, suka mai da shi sunan gidanmu duka. Ashe duk kwanakin nan da muke gadin mutumin, shi ma gadinmu yake yi.

Na juya na fassara wa Kaka, ina tsammanin muciya za ta tashi sama. Sai na ga ta yi ƙasa.

Ga abin da Bature ba zai sani ba. Kaka ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, kunya ce da girmamawa. “Malam” take cewa, ko “marigayi”. Ranar da muke zaga ƙofofi, da muka zo kan tamu, kau da kai ta yi. Kai, ko kalmar “bari” ba ta fita bakinta, don tana kama da sunan, sai dai ta ce “ƙyale”. Mu da muke yara mun ɗauka Hausar Maraɗi ce haka.

“Hwaɗa mishi ba ɗaya ba ne,” ta ce. “Hwaɗi na kakanka, ka hwaɗi na mai sata, shi ji bambanci da kunnenshi.”

To ni a asibitin Lyon aka haife ni. Harshena da burodi da cuku ya tashi. Wannan harafin mai ƙugiya, wanda ake haɗe leɓe a ja shi ciki, ban taɓa iya shi ba, kuma ba wanda ya taɓa kula. Na gyara tsayuwa na ce, “Barau. Barawo.”

Mushe Fumagalli ya ware hannuwa. “To! Ba ga shi ba!”

Na sake gwadawa, na cika kumatu kamar kwaɗo. Abin da ya fito ya fi na farko muni. Kaka ta dube ni irin kallon da ake yi wa tunkiyar da aka saya da tsada aka tarar gurguwa ce. Sannan ta miƙa mini muciya. Ta gyara mayafinta. Ta matsa har jikin shinge.

“Ɓarawo,” ta ce, harafin ya fito kamar an cire toshiyar tulu, ta tofar da yawu gefe.

Ganye yana ta ci, jirgin ƙasa ya wuce ya gama wucewa. Da ta sake buɗe baki, da wata murya ce da ban san tana da ita ba, ƙarama, ta yarinya.

“Barau.”

Ta tsaya kamar tana jiran ya amsa. Sannan ta ci gaba, ba ni take kallo ba, ba shi take kallo ba. Ta ce uwarsa ta yi ta haihuwa tana binnewa, ɗaya bayan ɗaya, har mata suka daina zuwa barka da wuri. Da wannan ya zo, ta ɗaga shi sama ta roƙi Allah ya bar mata shi. “Shi ne anka bari,” in ji Kaka. “Ya yi noma, ya yi huruhura, ya mutu ba allurar kowa a gidanshi. Hwaɗa mishi haka. Kada ka rage komi.”

Ban rage ba. Ita ce fassara ta farko a rayuwata da na yi ba algus.

Mushe Fumagalli ya jingine shebur. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya gwada sunan a bakinsa, a hankali, har Kaka ta gyaɗa kai. Sannan ya ce in gaya mata a kwarinsu, can arewacin Italiya, rabin ƙauye sunansa gare su. “Da duk sata muke yi, da ba a taɓa ganin ƙwai a ƙasar ba.” Ya ce da yana yaro, duk ranar da wani ya tono ma'anar, in ya shiga aji sai a yi ta yi masa cara. Shi bai san abin da kakan kakansa ya yi ba. Uwarsa takan ce mutumin akurki yake turarawa don kashe ƙuma.

Kaka ta zaro ido. “Ai mu ma haka muke yi! To mi ya hana shi hwaɗi tun da wuri?”

Ya ɗaga kafaɗa. “Wa ya tambaye ni?”

Tuwon ranar ya ƙone, amma sai da Mushe Fumagalli ya ci malmala biyu.

A makon nan shi da Baba suka kewaye akurki da akwatin zomaye da sabuwar waya, har ƙarƙashin ƙasa. Mushe Fumagalli ya ce lallai wata 'yar dabba ce mai kama da tunku da ke yawo a bakin layin dogo. Kaka ta ce, “Dabbar da za ta zare sakata, ta ɗau kaza, ta maida sakata? Lalle dabbar ga ta yi lakwal.” Ko ma mene ne, daga ranar bai sake zuwa ba. Gimbiya ta rayu. Mushe Fumagalli ya kawo mata miji, wani baƙin zakara mai faɗin rai, Kaka ta raɗa masa Humagali. Suka cika akurki da tsaki. Ba a sake maganar biyen jirgi ba sai bayan shekaru, lokacin da ita da kanta ta ga dama.

Daren da aka gama wayar, Baba yana nan, muka zauna gefen ganga. Kaka ta ce ga wata nan ta taso daga nesa, muka ba ta ruwa, sai muka ji garin da ba suna ne ya dawo. Tuwo ya sauka, dogarai suka kama juna, aka yi shela. Sai labari ya karkace. Wai ashe mai satar garin shi ma yana da kunne, ya ji shelar. Ya riga kowa tashi, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya tsaya a bakin hanya. Da tsohuwa ta fito ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi sandarta ya goge, ya riƙe mata hannu ta tsallake kwata. Ta ce, “Kai ne Mutumin Kirki.” Wancan mai hayaƙin kuwa, wani bawan Allah ne da ƙuma suka hana kajinsa barci, tsohuwa da idonta ɗaya ta ga rabin abu ta yanke.

Muka yi caa. “Kaka, rannan ba haka take ba!”

“Rannan ban ji ƙarshenta ba. Ku kuna girma, ita an ce ta tsaya?” Ta tona wuta, ta ɗago kai kamar abin bai dame ta ba. “Ke Rakiya. Wanga mai riƙe da makullin babbar ƙohwa, mai yawan murmushin nan, mi ne sunanshi?”

“Mushe Bonomo.”

“Ma'ana?”

Rakiya ta dubi Baba. Baba ya rufe fuska da tafin hannu.

“Mutumin kirki,” in ji Rakiya.

“Uhm,” in ji Kaka.

Don Allah kada a ɗauki alhakin mutumin. Ba a taɓa kama shi da ko gashin kaza ba, ya rayu ya mutu da sunansa mai kyau. Kaka ma gaisuwar girma take yi masa, har da tambayar iyali. Sai dai yana juya baya take leƙa akurki.

Yau ina zaune a Saint-Denis, da tumbi da furfura da 'ya'yan da ke yi wa Hausata dariya. Kullum ina matse a cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na sha uku, kamar kifin gwangwani, kuma duk ƙofar da na tsaya sai na karanta sunayen da ke jikin ƙararrawa, ina fassarawa a zuci. Ciwon ya bi jini. Likitan haƙorina sunansa Gutmann, wato Mutumin Kirki na Jamusawa. Hannunsa da sauƙi, mutum ne na gari, amma ban taɓa fita daga wurinsa ban ƙirga haƙorana da harshe ba.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a daina zargi. Ba shi ba ne, don mai tatsuniyar ma ba ta daina ba, wuri kawai ta sake masa. Abin da na gane da girma ya zo shi ne, kowane suna a jikin ƙofa magana ce da wani ya taɓa faɗa a kan wani, wata safiya da ba wanda ya tuna. Wata zolaya ce, wata shaida ce, wata kuskuren mai ido ɗaya, wata kuma addu'ar uwa ce da ta gaji da binne 'ya'ya. Daga waje duk fenti ɗaya ne a kan allo. Sai ka ƙwanƙwasa ka tambaya, kuma a dace akwai wanda ya rage a gidan da ya san amsa.

Shi ya sa na matsa wa yarana. Tun suna ƙanana nake tsare su a kicin, in ce su faɗi na kakana, su faɗi na mai sata. Ni kaina sai da na shekara ina fama gaban madubi kafin harafin nan mai ƙugiya ya yarda da ni. A wurin aiki ana kirana Mushe Baro, a asibiti Barawu, wani ma ya taɓa kirana Bawuru, duk ina amsawa. Amma in na faɗi sunan da bakina, a hankali nake faɗinsa, yadda na ji shi. Sau ɗaya tak Kaka ta kama shi a tsawon rayuwarta, a bakin shingen waya, gaban wani Bature mai hula a ƙirji, tuwo yana ƙonewa a bayanmu. Kuma har ta koma ga Allah, in na tsokane ta na ce ta maimaita, sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, “Ƙyale ni, mijin banza.”